Murhu Mai Taya

Muflih yana da shekara saba'in da huɗu, tsohon direban bas ne a garin Salt. Kowa Abu Rakan yake kiransa. Gidansa na can saman tudu, inda sanyin Janairu kan ratsa bangon dutse ya kwana a ƙashin mutum.

Kafin shigowar sanyi matarsa Nawal ta samu shanyewar ɓarin jiki. Ta farfaɗo, amma ƙafar hagu ta yi nauyi. Likita ya faɗa a gabansu duka: in ba ta taka kullum ba, ƙafar za ta sandare, kuma shi ke nan.

Nawal ta ce ta ji. Sai ta zauna a falo kusa da tsohon murhun kananzir, wanda bututun hayaƙinsa ke kafe a bango, ta ƙi motsi. Nan kaɗai ke da ɗumi a gidan.

"Ummu Rakan, tashi mu taka zuwa kicin."

"In yi me a cikin firij? Je ka, kai da Allah ya yi wa fatar raƙumi."

Ya yi lallashi, ya yi fushi, duk a banza. Wata safiya sai ya ga ta ja kujerarta da kanta, tana bin hasken rana da ya faɗo ta taga. Ya yafa rawaninsa ya gangara kasuwa.

Basam mai shago ya jera masa murhunan gas na ɗumama ɗaki. Ya nuna masa masu kashe kansu in iska ta yi ƙaranci ko in sun kife. Abu Rakan ya ce cikin waɗannan zai zaɓa. Daga nan ya durƙusa da ƙyar yana leƙen tayoyinsu.

"Baffa, murhu ka zo saye ko bas?"

"Ɗana, ban taɓa yarda da mota saboda fenti ba. Sa masa cikakkiyar tukunyar gas in ji nauyinsa."

Ya riƙa tura su ɗaya bayan ɗaya da hannun hagu, na dama kuwa a lanƙwashe kamar yana riƙe da wani. Ɗaya yana karkata gefe. Wani ya cije a bakin dardumar da ya sa aka shimfiɗa masa. Basam ya fara dariya, amma da ya lura da hannun nan na dama sai ya shiga ciki ya fito da wani mai ruwan ƙasa, mummuna, mai manyan tayoyi. Shi aka kai gida.

Washegari Abu Rakan bai kunna na kananzir ba.

"Wannan mummunan fa?" in ji Nawal. "Ko wurin ɗora butar shayi ba shi da shi."

Ya ɗan buɗe taga, ya kunna. Sai da ɗumi ya kama ƙafafunta, sannan ya tura murhun gaba kaɗan.

"Dawo da shi."

"Mota ta tashi, Hajiya. Mai shiga ya shiga."

"Allah ya shirye ka, tsohon banza!"

Ta daure har sanyi ya fara cizonta. Daga nan ta miƙo hannu, ya ba ta damtsensa.

A makon farko ba su wuce ƙofar falo ba. Jiya suka isa kicin. Ta zauna tana haki, ta ɗanɗana miyar ƙananan waken adas da ke kan wuta, ta yatsina fuska.

"Ashe haka kake dafa ta? Miƙo min lemon tsami da tafarnuwa."

Ya miƙa mata lemon. Tafarnuwa na can kan kanta a ɗaya ɓangaren. Ya dube ta, ya sa hannun hagu, ya tura murhun can.