Jan Ruwa a Tukunyar Gwaggo

Mun tashi da asuba daga Kaduna, ni da maigidana, a wata mota da ba ta bar ramin hanyar Zariya ko ɗaya ba sai da ta gaishe shi. A Kano muka hau jirgin alhazai. Masu sauraron shirinmu na mata a rediyo sun yi ta tambaya me na gano a ƙasa mai tsarki. Aikin hajji malamai sun fi ni iya bayaninsa. Ni labarin wata tukunya zan ba ku.

Jirgi ya sha mai a Hartum, ya sauke mu a Jidda cikin zafi mai ɗanƙo. Hanyar Makka kwalta ce sumul, gefe da gefe rumfunan gahawa da gadajen igiya inda direbobi ke kishingiɗa. Shayinsu a ɗan kofi yake kamar na wasan yara, kuɗinsa kuwa na babban kofi ne. Makka mun same ta ana ta rushe gidaje don faɗaɗa Harami, ga masu ga-ruwa suna ratsa taro da garwa bibbiyu, da yawansu Hausa suke yi.

Bayan mun sauko daga Mina na nemi ƙanwar mahaifina a unguwar Misfala, cikin Makka. Gwaggo ta bar gida Kano tun ina goye, ita da mijinta, ta ƙasa. Sun daɗe a Fallomi ta ƙasar Chadi suna neman guzuri. Yanzu mijin yana kwance a maƙabartar Makka, ita kuma tana ɗinkin huluna. Ba ta da iƙama, wato takardar izinin zama. Burinta ɗaya ne, a binne ta inda aka binne shi.

Na zaci tuwo zan tarar. Sai na tarar da miyar albasa zalla, an soya ta a man shanu har ta yi launin dabino, an ɗora gasasshen burodi a kai. Ashe a Fallomi ɗakinsu yana jikin na wani kuku mai yi wa Bafaranshe girki, ita kuwa ta kan katanga ta koya. Tun daga nan abin ya shige ta. Tana gasa ƙashi kafin ta dafa romo. Tana soya fulawa a mai don ta kaurara miya. Akwai wani haɗin ƙwai da ya kamata ya kumbura, nata kullum sai ya zauna, amma ba ta fasa gwadawa ba.

Kusa da ƙofa na ga kwanoni a jere, a rufe. Na buɗe ɗaya, abinci ne ba a taɓa ba. A lungun nan al'adarsu ita ce in ka aika wa maƙwabci kwano, ba ya dawowa wayam, sai da ɗan dabino ko sukari a ciki. In ya dawo da abincinka, an gama magana da kai ke nan.

Dalili kuwa shi ne wata dahuwar nama da take kira burginyo. Da bakinta ta gaya wa mata cewa Faransawa da jar giya suke yin sa, ita kuma da zoɓo. Rabin farko na maganar ya zaga lungu, rabin ƙarshe ya tsaya a ɗakinta. Sannan wata dattijuwar maƙwabciya, Inna Kulu, mutuniyar Sakkwato, ta hango ta tana tsiyaya jan ruwa daga kwalba. Ɗan Inna Kulu ya ce zai kai magana gun umda, mai unguwarsu ke nan. Bayan hajji kuwa lokaci ne da ake kamen marasa takarda. Ko an tarar zoɓo ne, tambaya ta biyu ita ce ina iƙama.

Na auna lamarin yadda nake auna labari kafin in karanta shi, na ce, "Gwaggo, ki koma tuwo da miyar kuka har ƙura ta lafa."

"In koma tuwo don me? Sai a ce da ma gaskiya ne, ta ji tsoro ta daina."

"In aka kama ki aka sa ki a jirgin ruwa zuwa gida fa?"

"Ke 'yar nan, na ratso Chadi da Sudan da ƙafata. Ban sha ba, ban zuba ba. Kalas, magana ta ƙare. Gobe ki zo da wuri, ki taya ni ɗaukar kaya."

Da hantsi muka fito da risho tsakiyar lungu. Muka jera naman hadaya, albasa, karas, tafarnuwa da man shanu a kan tabarma. Ta kawo busasshen zoɓo a faifai ta jiƙa shi a ruwan zafi a gaban kowa. Tagogi suka fara buɗewa. Ba ta kalli kowa ba. Ta soya naman kaɗan-kaɗan har kowane yanka ya yi ja, ta barbaɗa fulawa, ta tace zoɓon, ta ɗura shi a kwalbar nan da ake magana, sannan ta tsiyaya daga kwalbar zuwa tukunya, daga sama, a hankali.

Inna Kulu ta fito da carbi a hannu, ɗanta yana tsaye a bayanta.

"Ke Bakana, mi kiz zuba ciki?"

"Abin da kika gani, Yaya. Ko idon ma sai na ara miki?"

"To mi ya kai soɓo cikin kwalba in ba neman magana ba?"

"Ƙudan Misfala. In kin san wata dabara ki koya mini."

Wani mai ga-ruwa ya yi dariya har ruwansa ya fantsama. Gwaggo ta zuba ragowar zoɓon a kofi ta miƙa wa ɗan. "Tafaddal, ya waladi, bismillah ɗana. Ka sha, in ka bugu ka tafi gun umda da hujja a cikinka." Ya tsaya, mutane suna kallonsa. Ya kurɓa, tsami ya murtuke masa fuska, ya ajiye kofin ya shige gida.

Naman ya daɗe yana dahuwa a ƙaramar wuta. Ba ta matsa ba har azahar, rana tana dukanta. Da ya nuna ta zuzzuba a kwanonin nan da aka dawo mata da su, na bi gida-gida na miƙa. Na ci nawa. Naman yana rabuwa da cokali, miyar baƙi-baƙi, mai kauri, da ɗan tsami a ƙarshe.

Ba zan ce muku lungu duka ya tuba ba. Gida biyu sun sake maido nasu a rufe. Na Inna Kulu bai dawo ba sai ranar da za mu tafi Madina. Gwaggo ta buɗe a gabana. An wanke shi tas, a ciki an ƙulla dakakken yaji a tsumma.

"Kin gani? Ta cinye, kuma wai bai ji yaji ba," in ji Gwaggo. Ta rataye ƙullin a ƙusa. "Ba a sa masa yaji. Gobe ma haka zan aika mata."

Mun dawo Kaduna lafiya, da zamzam da dabino da tukunyar da Gwaggo ta ba ni. Iƙama dai har yanzu ba ta da ita, kuma ban san abin da baɗi za ta kawo ba. Abin da na koyo shi ne shawarar da na ba ta mai hankali ce, amma da ta bi ta, da ta zauna a Makka da sunan da ba nata ba.

Ranar Juma'ar da ta wuce na dafa burginyo a tsakar gida, ƙofa a buɗe, kwalba a fili. Maigidana ya ɗanɗana, ya ce ko akwai ɗan yaji.

Na ce babu.