Mastar Birki da Tsinken Tsintsiya

Furana

Ƙarfe biyar da rabi, ana idar da sallar asuba, na hau acaɓa da tsohuwar mastar birkin motata a cikin buhu. Masta ita ce 'yar tukunyar da ke tura man birki zuwa tayoyi. Motar babba ce mai bodin katako, ta girmi ɗana na fari. Jiya da yamma na taka birki, ƙafata ta zarce har ƙasa. Ga shi maƙwabcina Baba Tanimu ya riga ya tsinke tumatirinsa, kwando sittin, don na yi masa alkawarin kai shi kasuwa yau. Noman raninsa ke nan gaba ɗaya.

Ikara

Na sha shayi da burodi ina jiran masu kayan gyara su buɗe. Shago huɗu na shiga. Na ƙarshe ya jujjuya mastar, ya yi dariya.

"Alhaji, wannan ai an daina haihuwar irinta. Gwada Makarfi."

Makarfi

Tara da kwata muka iso, mu bakwai a ƙaramar mota. Shinge ɗaya muka tarar. Jami'in ya leƙa buhuna, ya ga baƙin mai, ya ce mu wuce.

Wani mai shago ya zaro mini wata daga ƙarƙashin kanta. Na yi yadda muka saba: na jera su a ƙasa, na duba ramukan noti, na duba bakin bututu. Kamar an tsaga kara. Na biya ba ko tayi, na kira Baba Tanimu na ce ya kwantar da hankalinsa, kafin la'asar muna lodi.

Hunkuyi

Sha biyu saura na sauka a garejin Oga Bulus, mutumin Kudancin Kaduna, wanda shi kaɗai nake bari ya taɓa motar. Nufina in ɗauke shi mu koma tare. Bayan mun gaisa, ya karyo tsinken tsintsiya, ya zura a ramin bayan tsohuwar, inda sandar birki ke shiga, ya yi alama da farce. Ya zura a sabuwar. Alamar ta tsaya a waje.

"Alhaji, ta ƙaramar mota ce. Raminta bai kai ba. Birki zai riƙe, kafin ka kai Gazara taya ta fara hayaƙi."

"Sai mu rage sandar."

"Cikinta ma ya yi kaɗan. Da kaya a baya ba za ta tsayar da kai ba."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce shekara talatin ina tuƙi, ya ɗaura mini kawai, zan lallaɓa.

"Ba da hannuna ba," in ji shi.

Ya kwance tsohuwar, ya shinshina, ya dube ni.

"Ruwan sabulu ka zuba mata?"

Duk direban ƙauye ya san wannan dabarar idan man birki ya ƙare a daji, sai dai ni na mai da ita abin kullum. Tsatsa ta cinye cikin, robobin sun ruɓe. Ya goge tsatsar, ya yi waya Zariya a aiko da robobi. Ba su iso ba sai bayan magariba. Tsoro ya hana ni ɗaga wayar Baba Tanimu har sau uku. A na huɗu na gaya masa gaskiya. Na ci tuwon masara, na kwana a bencin gareji.

Gida

Washegari goma da rabi muka iso Furana. Cikin awa ɗaya Oga Bulus ya ɗaura tsohuwar da ya gyara, muka cire iskar da ke cikin bututun, na taka na ji birki tsaf. Na gode wa Allah, na gode wa Oga Bulus, Allah ya saka masa.

Sannan na nufi gonar Baba Tanimu. Tun daga nesa na hango fili ya yi ja. Tumatirin ya saki, shi da iyalinsa suna yanka shi suna shanyawa ya zama kauɗa, wadda ba za ta kawo masa ko rabin abin da ya sa rai ba. Kunya ta rufe ni. Na durƙusa na gaishe shi.

"Sannu da hanya, Sani. Birkin ya kama?"

"Ya kama, Baba."

"To, alhamdu lillahi. Ɗauki wuƙa, saura kwando tara."