Ranar da Ya Falmata Ta Ceci Ɗanta

Duk unguwar Pantami Malamin Taurari ake kiran Babakura, wasu don girmamawa, yawanci don tsiya. Ɗan Bama ne, gudun hijira ya kawo shi Gombe shi da tsohuwarsa Ya Falmata. Da safe ya koyar da kimiyya a wata 'yar makaranta, da yamma ya duƙufa kan kwamfuta kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa.

Aikin digirinsa na biyu ke nan: auna iska mai tsananin sanyi da ke cikin tarin taurari masu nisa, wadda daga ita sababbin taurari ke samuwa. Iskar ba ta ganuwa. Wata 'yar alama ce manyan na'urori ke kamowa a ƙasar waje, malaminsa ya aiko masa, shi kuma ya lissafo yawanta, yadda makiyayi ke gane girman garke daga sawu. Shekara uku yana wannan wahala. Tari arba'in aka ba shi, saura uku, jami'a ta ce ƙarshen wata ko ya miƙa ko a sallame shi. Abokinsa Jalo ya sha ce masa ya kwafe aikin ya ajiye wani wuri. Kullum sai gobe. Kai, Babakura!

Ran da 'yan bindiga suka shigo gari, harbi ya tsare shi can unguwar Bolari har la'asar. Ya Falmata kuwa ta ga abin da aka yi a Bama: gidan da aka samu takardar boko, a ƙofa ake kashe ɗan gidan. Ba ta yi wata-wata ba. Littattafai ta cusa a murhu, kwamfuta ta jefa rijiya.

Maharan ko unguwarsu ba su iso ba.

Ya dawo ya tarar tana kwashe toka, fuska wasai.

"Ko sun zo ba abin da za su gani, ɗana," in ji ta. "Ko falle ɗaya ban bari ba."

Ya daɗe yana leƙen rijiyar. Wallahi da wani ne ya yi masa haka, da an ji su. To uwa ce, kuma 'ya'ya biyu ta riga ta binne.

"Kin kyauta, Ya," ya ce.

Har yau yana koyarwa. In aka zo babin taurari sai ya ce yara su karanta a gida. Tsohuwar kuwa, duk baƙon da ya shigo sai ta ba shi labarin yadda ta ceci ɗanta, shi yana zaune a gefe yana gyaɗa kai.