Tagogin Rabi'u

Rabi'u Issaka ya rasu ranar wata Talata, cikin Janairun 2018, nan Bronx. Allah ya jiƙansa. Tare muka tashi a unguwar Nima can gida, tare muka yi furfura a unguwar Highbridge nan Bronx, shi ya sa da aka ce a rubuta wani abu a kansa, kowa ya juyo ya dube ni.

Shekara ashirin da biyu yana aikin sufa, wato mai kula da gini, a wani bene mai hawa shida. Shi ke kula da boila, injin da ke ɗumama ginin, shi ke gyaran famfo, shi ake kira idan hita ta mutu. Babban abokin gabarsa sanyi ne. Da ya shigo ɗakinka, kafin ku gama gaisawa ya ɗora bayan hannunsa jikin taga yana neman inda iska ke shigowa. Ni kaina duk shekara sai ya liƙe mini tagogi, ban taɓa roƙonsa ba.

Matarsa Muniratu tana fama da ciwon gwiwa, da ƙanƙara ta sauka sai ta kwanta. Saboda ita ya ɗauki gida a 2012, cikin wasu gidajen hutu da wani kamfani ke ginawa a bakin teku can gida, gaba da garin Prampram. Ya yi mata alkawari sanyi biyu kaɗai ya rage mata a New York.

Biyu suka zama biyar. Yau siminti ya yanke, gobe damina ta cinye hanya, jibi an canza ɗan kwangila. Rabi'u bai yi fushi ba, sai ya mai da kansa mai duba aiki daga nesa. Bayan azahar zai zauna a ɗan ofishinsa na ƙasan gini, ya kira Kwabena, shugaban magina, ta bidiyo, ya sa shi ya bi tayil ɗaya-ɗaya yana ƙwanƙwasawa da makulli. Shi kuma ya kara kunne a waya. Inda ya ji sautin rami sai ya ce a ɓamɓare. Kwabena ya sa masa suna Likita.

A kan tagogi ne suka saɓa. Kamfani ya tsara luba, tagogin nan na gilashi falle-falle da muka sani a gida. Rabi'u ya ce bai yarda da tagar da iska ke ratsawa ba. Ya sayi masu gilashi biyu da roba a gefe, irin waɗanda yake sa wa 'yan haya, ya tura a kwantena.

"Likita, nan ba Amurka ba ce," in ji Kwabena. "Gidan bakin teku numfashi yake so."

"Tun ba ka san cokalin gini ba nake sa taga," in ji Rabi'u.

Ina wurin, na kuma goyi bayansa. Ni ma na manta yadda zafin gida yake.

A Maris ɗin 2017 muka tafi tare don ya gani kafin ya kai Muniratu. Gidajen maƙwabta duk da nasu aibin, wani bango ya tsage, wani rufi yana yoyo. Nasa kuwa tayil lafiya lau. Amma da Kwabena ya buɗe ƙofa, zafi ya bugo mu kamar an buɗe tanderu, ga warin danshi. Bango ya yi baƙi, fenti yana ɓarewa. Wata takwas gidan na rufe ruf.

Rabi'u ya taka har jikin taga, ya ɗora bayan hannunsa, ya daɗe.

"Ko kaɗan iska ba ta shiga," ya ce. "Aiki ya yi kyau."

Sai ya fashe da dariya har ya zauna a ƙasa. Da ya tashi ya kama hannun Kwabena ya ce, "Ɗan'uwa, ka yafe mini. Yau kai ne likita."

Mako uku muka yi. Shi da kansa ya cire tagogin da ya turo, aka kankare bango, aka sa luba. Ranar da aka gama, bayan la'asar, ya shimfiɗa tabarma a tsakiyar falo ya yi barci, iskar teku tana kaɗa masa riga. Ban taɓa ganin fuskarsa ta saki haka ba.

Ya dawo don ya ƙarasa sanyi ɗaya ya miƙa boila ga wanda zai gaje shi. Allah bai nufa ya koma ba.

Muniratu ta tare a gidan bayan ta fita takaba. Yanzu da ƙafarta take zuwa bakin ruwa, ba sanda. Duk Juma'a tana kirana, wani lokaci ba na jin maganarta sosai saboda iska tana hura wayar. Ba na ce mata ta rufe taga.

Tagar ɗakina kuwa ta fara shigo da sanyi bana. Na sayi abin liƙi, yana kan tebur. Ban iya yi kamar shi ba, amma zan gwada.