Ƙuri'ar da Ban Ba Alhasan Ba

Kakarmu a Agadas ba ta ƙarasa tatsuniya. Bayan tuwon magariba sai ta zauna bakin murhu, ta kai labari tsakiya, ta ce mu yanke hukunci. Wanda ya dace, dabinon Ingall guda ne ladansa.

Ni nake sanin amsa, amma kunya ta hana ni buɗe baki. Sai in raɗa wa Alhasan, ɗan baffana, shi kuwa ya miƙe ya faɗa kamar daga cikinsa ta fito. Dabino ya tafi bakinsa, ni in kwana da haushi.

Akwai wadda ban manta ba. Mutum biyu ne cikin ayarin gishiri: ɗaya ya san taurari amma ba ya magana, ɗaya kuma murya gare shi. Masanin ya nuna hanya, mai murya ya sanar, ayari ya isa rijiya, aka naɗa wa mai murya rawanin madugu. Da shekara ta zagayo masanin ya yi gum, ayari ya ɓata, ƙishirwa ta kama kowa har da shi.

"To, 'yan nema," in ji Kaka, "wa ya kashe raƙuma?"

Ranar ban raɗa wa kowa komai ba. Alhasan ya yi ta zare ido, ni kuwa daɗi kamar an ba ni sarauta.

Mun girma, duka biyu muka zama malaman lakwal, wato makarantar boko. Shi aka tura Iferwan, inda ya yi ta hayaniya kan azuzuwan zana har mutane suka ce ya tsaya takarar depite, wato ɗan majalisa. Hassada ta ci ni, ba zan ɓoye ba. Ranar zaɓe na shiga bayan labule na dangwala wa abokin hamayyarsa. Duk da haka ya ci, ya tafi Yamai, ni ina nan da alli a hannu.

Bara aka gina mana aji uku na siminti, da bakinsa ya nemo su a majalisa. Ranar buɗewa ya rungume ni gaban jama'a.

"Ɗan'uwa, ƙuri'ar kowa na roƙa ban da taka. Na san tawa ce tun muna gaban Kaka."

Na ce Allah ya bar zumunci. Da muna yara na ɗauka mai murya ne mai laifi, yanzu na san masanin ne. Har yau ban sami bakin faɗa masa inda ƙuri'ata ta tafi ba.