Idon Baba Laka

Shekara talatin da ɗaya ke nan Baba Laka yana ƙirga ƙurar fure a wani ƙaramin ɗakin bincike na jami'a, ƙarƙashin fankar da ta gaji da juyi. Ɗalibai ne suka laƙaba masa sunan, don laka ce sana'arsa. Daga ƙasan tafki ake haƙo ta, a kawo masa cikin dogayen bututai. A cikinta ƙurar furannin da suka bushe tun zamanin da ƙanƙara ta danne manyan ƙasashe take kwance, ba ta ruɓe ba. Sai ya shafa ɗigo a gilashi, ya kafa ido a madubin ƙara girma, ya ware: wannan ta ciyawa, wannan ta itace. Da lissafinsa malamai ke gane ko daji ne a wurin a da, ko fako.

Kowace Litinin yakan ɗauko wani tsohon gilashi da ya san adadin ƙwayoyin ƙurar da ke kansa kamar sunayen 'ya'yansa, ya sake ƙirgawa don ya gwada idonsa. Ciyawa ɗari da sha biyu. Amma wata uku ke nan lissafin ya ƙi fita. Wannan mako casa'in, na gaba ɗari da talatin. Ya goge madubi, ya canja kwan fitila, ya ɗiga maganin da uwargida ta samo. Ƙwayoyin sai narkewa suke cikin juna.

Da hantsi Dakta ta leƙo, malamar da littafinta na shekara shida ya jingina da ƙirgarsa.

"Baba, saura bututu ɗaya mu huta! Ko lakar ce ta hana ka sakinta?"

"Zauna, 'yata."

Ya daɗe yana murza gwiwa. In ya yi shiru, wa zai taso daga shekara dubu ashirin da suka wuce ya ƙaryata shi?

"Daga bututu na tara zuwa yau, ki watsar da abin da na ƙirga. Idon ya tafi."

"Baba, aikin wata uku fa!"

"Na sani. Kunya ce ta riƙe mini baki."

Ta yi tagumi, ta sauke numfashi mai tsawo. Can ta ja kujera gaban madubin, ta ɗora gilashin farko na bututu na tara.

"Ga wata nan kewayayya, da rami ɗaya a gefe."

Ya jingina da bango, idonsa a rufe.

"Ciyawa ce. Rubuta, ki matsa gaba."