Dogo Bakanike Ya Tafi Bai Sallami Motata Ba

Shekara da shekaru ina ɗauke da magana ɗaya a kanka, Dogo, kuma rasuwarka ba za ta hana ni faɗa ba: ba ni na karya wa a-kori-kurata baya ba. Hanya ce. Ka bi gari kana cewa lodina ya fi ƙarfin sifirin, ƙarfen da ke ɗauke da nauyin bayan mota, har mai shayin bakin garejinka ya haddace. Ina shirin mu ƙare wannan shari'a, sai ga babban ɗanka da hantsin Talatar makon jiya, ya durƙusa ya ce, "Baba, abokin faɗanka ya cika." Daga Allah muke, wurinsa za mu koma. Ni ban yi makaranta ba. 'Yata ke rubuta wannan, na kuma hana ta gyara mini baki.

Ban san bakaniken da ya kai ka faɗa ba, ban kuma san wanda ya kai ka zuwa in an kira ba. Ranar da sifirin ya tsinke mini a tsakiyar daji ana ruwa, kai ka zo a babur, ka kwanta cikin taɓo kana ɗaure ƙarfe kana yi mini tas. Da ka gama ka ciro burodi daga aljihu ka raba biyu. Direbobi da yawa sun ci irin wannan rabin burodin, haɗe da faɗan.

Da ƙarfina ya ƙare, motar ta zauna a ƙofar gida har kaji suka mai da ita wurin ƙwai. Kai ka zo ka ja ta, ka ce ba a barin tsohuwar abokiyar aiki ga tsatsa. Muka tada inji, muka kankare jiki, aka yi fenti irin nata na asali. Ban taɓa jin daɗin zama kamar na wannan lokacin ba, ina kan benci ina miƙa maka sifana, kana cewa ba ita ka nema ba.

A kan gyaran bayan motar muka saɓa. Na ce a ƙara wa sifirin fallen ƙarfe, ya yi tauri ya ɗauki kaya. Kai kuwa ka rage falle, ka sa sababbin robobi da shokazoba mai laushi don shanye girgiza. Na ce, "Ka mai da motar aiki katifa." Ka ce, "Direba, wane kaya kuma? Ai yanzu kai ne kayan, ga ƙugu ya tafi." Aka yi dariya, ban da ni.

Kowa ya san ƙa'idarka. In ka taɓa bayan mota, ba ta barin garejinka sai mai ita ya tuƙa, kai kana zaune a bodi, can baya wurin kaya, a bi ta kan gargada, ka ji da jikinka, ka sauko ka ce, "Ta yi." Na rantse ba zan tuƙa katifa ba. Ka ce to ta zauna. Ta zauna kuwa, kullum kana goge ta, kullum ina zuwa shan shayi ina kallonta ta gefen ido. Ni na san zan sauko, kai ma ka sani. Jira muke wani ya fara.

Da aka gama sallarka aka tsaya neman motar da za ta ɗauki makara, ga maƙabarta da nisa, ga hanya duk ramuka. Sai ɗanka ya miƙo mini makullin motata. Aka sa ka a bodi, 'ya'yanka da ƙaninka suka zauna gefe da gefe. Na tuƙa a hankali, amma ban kauce wa gargada ba, don na san ba ka son gwajin ƙarya. A kujerar gaba dai ƙuguna bai yi ƙara ba. Wannan na yarda, a rubuta. Raina a kwance yake da kai ka fara hawanta, ni kuma ke riƙe da sitiyari.

Allah ya jiƙanka, Dogo. Ya yafe maka kurakuranka, har da maganar lodi. Ya sassauta maka makwanci, ya sa Aljanna ce masauki. Ina miƙa ta'aziyya ga uwargidanka, da 'ya'yanka, da ƙaninka, da duk direban da yanzu bai san wa zai kira ba. Allah ya ba mu haƙuri baki ɗaya.

Saura abu guda. Daga maƙabarta garejin na mai da motar, don ba a sallame ta ba, ni kuma ba na ɗaukar mota a bayan idon mai gyara. Duk wanda na tambaya yadda bayan motar ya yi, sai ya dafa ni ya ce in yi haƙuri. Haƙuri na yi shi. Ku da kuka zauna a bodi tare da shi, ku kuka ji abin da ya kamata ya ji. Ta girgiza shi ko ba ta girgiza shi ba? Gobe ina kan bencin garejin tun safe. Ɗayanku ya zo ya dube ni, ya gaya mini ko ta yi.